Rukmini Devi da Rawar Bharatanatyam

An haifi Rukmini Devi Arundale a Madurai, kudancin Indiya, cikin 1904, a zuriyar malaman addinin Hindu. A wancan zamani rawar Bharatanatyam, wadda ake kira sadir, gadon matan da ke hidima a wuraren bauta ce, kuma jama'a na yi musu kallon marasa mutunci. Sai ga 'yar manya ta koye ta, har ta taka a bainar jama'a cikin 1935. Aka yi mata ca, ba ta fasa ba. A 1936 ta kafa makarantar Kalakshetra a Madras. Rawar ta sami daraja, amma fa magadanta na asali an ture su gefe. Ta rasu cikin 1986.