Akwatin Da Ke Tsare Mutum A Kwamfuta

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa bin mota daga Ikko zuwa Kano ya san bambancin shinge da allon hanya. Allo ka karanta ka wuce abinka. Shinge kuwa tilas ka tsaya sai an sallame ka. To, jama'a, haka ƙananan akwatunan nan suke da ke faɗowa a fuskar kwamfuta mutum yana tsakiyar aiki, su ma iri biyu ne.

Na farko shi ne mai tsarewa. Ka rubuta wasiƙa ka zo rufewa, sai ya fito yana tambaya ko a ajiye ko kada a ajiye. Muddin ba ka amsa ba, ko'ina ka danna a jikin wasiƙar ba abin da zai motsa. Na biyu ba ya tsare kowa. Misalinsa akwatin neman kalma a Microsoft Word: yana nan buɗe a gefe, kai kuma kana gyaran rubutunka, in ka so ka koma masa.

Gardama a kan wannan ta daɗe. Wani masani Ba'amurke, Larry Tesler, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken Xerox ta Kalifoniya daga 1973 kafin ya koma Apple a 1980, ya ƙi jinin duk tsarin da ke kulle mai aiki cikin hali guda, har lambar motarsa ma abin da ta ƙunsa ke nan. Ya rasu a 2020.

Amma fa shinge yana da ranarsa. In za a shafe abin da ba ya dawowa, lalle ya kamata a tsai da mutum. Inda gizo ke saƙar shi ne yawansa. Jef Raskin, wanda ya soma aikin Macintosh, ya yi bayani cikin littafinsa na shekarar 2000 cewa tambayar da ake maimaitawa kullum takan zama jiki, hannu ya riƙa amsawa kafin ido ya karanta. Ran nan kuwa da tambayar ta zo da gaske, hannun bai san da haka ba. Sai akawu ya danna "kada a ajiye", lissafin yini guda ya bi ruwa, maigida kuma ba ruwansa da wani akwati.

Kamfanin Microsoft ya ɗanɗana wannan. Windows Vista da ya fito kasuwa a 2007 ya cika neman izini kafin a taɓa tsarin na'ura, jama'a suka ƙosa, waɗansu ma suka kashe tsaron ɗungum. Da Windows 7 ya zo a 2009 sai aka rage tambayoyin. A ganina Raskin ya fi gaskiya: maimakon a dami mutum da tambaya, gara a bar masa hanyar warware kuskure, kamar kwandon shara na kwamfuta inda abin da aka jefa ke jira a ɗauko shi.

Akwai kuma wata wahala da 'yan'uwanmu masu shagon buga takardu da masu lissafin kaya suka sani. Wani lokaci akwatin mai tsarewa yakan ɓuya a bayan wata taga. Ka danna nan shiru, ka danna can sai ƙara kawai, ka ce na'ura ta sandare. Da yawa nan take sukan kashe ta, aikin da ba a ajiye ba ya salwanta, alhali kuwa lafiyarta lau, amsa take jira. Kafin ka kai hannu ga makunni, riƙe maɓallin Alt ka danna Tab, ko ka matsar da tagogin ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa za ka tarar da shi can a laɓe da tambayarsa.