Gwajin Saurin Na'urorin Gem: Abin Da Ya Kamata Mai Zuba Jari Ya Sani

A unguwannin da Hausawa ke zaune a Fatakwal da Anacha da Inugu, gidan gem ya shiga sahun ƙananan sana'o'in da matasa ke kafawa, kafaɗa da kafaɗa da gidan kallon ƙwallo da shagon cajin waya. Ɗan kasuwar da ya tara 'yan kuɗi daga cinikin dabbobi ko kayan gwari ko canji, in ya yi niyyar buɗe wa ƙaninsa ko ɗansa irin wannan shago, yakan nufi Garrison a Fatakwal, ko Emeka Offor Plaza da ke babbar kasuwar Anacha, ko kuwa kasuwar Ogbete a Inugu. A can dillalai za su tare shi da alƙaluma, kowa na cewa na'urarsa ta fi ta wani sauri. Ya kamata mai saye ya fahimci waɗannan alƙaluma tun kafin kuɗinsa su fita daga aljihu.

Motsin da ake gani a fuskar talabijin hotuna ne tsayayyu da ke bin juna a guje. Fim ɗin silima yana tafiya da hotuna 24 a sakan ɗaya. A wasan kwamfuta kuwa, na'urar ce ke zana kowane hoto nan take, gwargwadon yadda mai wasa ya motsa hannunsa. Saboda haka ma'aunin saurin na'ura shi ne yawan hotunan da take iya zanawa a sakan ɗaya. In tana zana 30, kowane hoto na ɗaukar kashi ɗaya cikin 30 na sakan. In tana zana 60, jiran ya ragu da rabi, ɗan wasan da ke cikin allo kuma ya fi saurin amsa umurni. Ƙasa da 30, ido yakan ga hoton yana tsinkewa.

Wannan gwaji ya daɗe. Tun bayan fitowar wasannin Doom a 1993 da Quake a 1996, masu gwaji sukan kunna wani ɓangare guda na wasan a kan kwamfutoci daban-daban, su ƙirga hotunan da kowace ta zana. A 1998 aka fito da manhajar 3DMark musamman don wannan aiki. Ƙa'idar tana nan yadda take: wasa ɗaya, ɓangare ɗaya, girman hoto ɗaya, sai na'ura kaɗai ake canzawa.

Abubuwa huɗu ne ke ƙayyade sakamakon. Na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafin dokokin wasa da motsin 'yan wasa. Na biyu shi ne katin hoto, wanda shi ke zanen kansa, kuma a yawancin wasanni shi ne ke ɗauke da mafi nauyin aiki. Na uku shi ne ram, ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke ɗora kayan aikinta a kai. Na huɗu shi ne girman hoton da aka zaɓa. Hoton 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, yayin da na 4K ke ɗauke da 8,294,400, wato ninki huɗu daidai. Katin da ya yi gudu a 1080 yana iya rarrafawa a 4K. Har ila yau, kamar yadda ayarin motoci ke tafiya da saurin motar da ta fi nawa, haka kwamfuta ke tafiya da saurin sashinta mafi rauni. Haɗa kati mai tsada da tsohuwar furosesa asarar kuɗi ce.

Misalin da ya fi kusa da masu gidajen gem shi ne na'urorin kamfanin Sony. PlayStation 4 ta fito a watan Nuwamba na 2013 da ram gigabait 8, PlayStation 5 kuma ta biyo baya a Nuwamban 2020 da gigabait 16. A takarda, ƙarfin lissafin zanen sabuwar ya ninka na tsohuwar fiye da sau biyar, kuma tana iya kaiwa hotuna 120 a sakan a wasu wasannin. To amma wasan da ya fi kawo ciniki a gidajen gem ɗinmu shi ne ƙwallon ƙafa, musamman FIFA na kamfanin EA, wanda aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Wannan wasa ya ci gaba da fitowa a kan na'urorin biyu, kuma a lokacin taka leda dukkansu suna tafiya da hotuna 60 a sakan. Fifikon sabuwar yana wajen kyan hoto, da salon motsin 'yan wasa, da saurin buɗe wasa, domin tana amfani da ma'ajiyar SSD, tsohuwar kuwa faifai mai juyawa gare ta. Saurin buɗewa yana da amfani ga mai shago, tun da lokacin da na'ura ke ɓatawa tsakanin wasa da wasa lokaci ne da ba a karɓar kuɗinsa.

Bugu da ƙari, talabijin ma tana da nata iyakar. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu suna sabunta hoto sau 60 ne a sakan. Na'urar da ke zana 120 in aka jona ta da irin wannan talabijin, 60 ɗin dai za a gani, rarar da aka biya wa kuɗi ta tafi a banza.

Wani abin lura shi ne yanayi. Alƙaluman da ake bugawa a mujallun Turai da Amurka an same su ne a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta rawa. Na'urorin zamani in suka yi zafi sukan rage gudu da kansu don kada su ƙone. Shago mai rufin kwano, cike da samari, a zafi da gumin Fatakwal ko Anacha, zai sa na'ura ta yi ƙasa da abin da aka rubuta mata, balle in ƙura ta toshe fankarta. Gwajin minti biyu a shagon dillali ba ya nuna wannan.

Sai kuma batun wuta, wanda a nan riba ke tsayawa ko ta zube. Katin GTX 1650 na kamfanin Nvidia yana cin wat 75, RTX 3060 na cin 170, RTX 4090 kuwa 450, ban da sauran sassan kwamfutar. PlayStation 5 tana cin kimanin wat 200 a tsakiyar wasa. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga masu rukunin A zuwa Naira 225. Mu ɗauki wannan farashi mu yi misali. Kujerar da na'urarta da talabijinta ke cin wat 300 na tsawon awa 10 ta sha yunit 3, wato Naira 675 a rana. Wadda ke cin wat 700 ta sha yunit 7, wato Naira 1,575. A shago mai kujeru 10, bambancin ya kai Naira 9,000 a rana, ko 270,000 a wata. In an koma kan janareta, nauyin kilowat 7 yana buƙatar inji mafi girma da mai mafi yawa, ga shi kuwa farashin fetur ya tashi ƙwarai tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Masu sayen kayan tokumbo su ma su yi hattara. A watan Satumba na 2022 aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, lamarin da ya sa aka kwararo da tsofaffin katuna kasuwannin duniya, bayan wasunsu sun shafe watanni suna aiki dare da rana. Akwai kuma katunan jabu da ake sauya wa suna domin su bayyana a matsayin manya. Manhajar GPU-Z, wadda ake samu kyauta, tana taimakawa wajen tantance ainihin katin.

Saboda haka, gani ya kori ji. Mai saye ya tafi da wasan da abokan cinikinsa ke bugawa, ya sa a kunna shi a girman hoton da talabijinsa ke ɗauka, ya bar shi ya yi aƙalla rabin awa. Ya lura da mafi ƙarancin saurin da na'urar ke faɗawa a kai lokacin da allo ya cika da motsi, domin matsakaicin sauri yakan ɓoye tsinkewa. Daga nan sai ya haɗa kuɗin saye da na wuta da na gyara, ya raba da yawan wasannin da yake sa ran sayarwa a wata. Na'urar da ta riƙe hotuna 60 ba tare da tangarɗa ba, a kan mafi ƙarancin kuɗin kowane wasa, ita ce ta dace da shagonsa.