Zara matar wata da batun rayuwa a wasu duniyoyi

Wanda ya tsaya a Ƙofar Dukawuya ta Kano bayan magariba ya dubi yamma, a watannin da Zara matar wata take fitowa, zai ga ta fi duk taurari haske. Ita kuwa duniya ce da ta kusa kai tamu girma, kuma ita ya kamata mu riƙa tunawa duk sa'ad da aka yi shelar an gano "wata duniyar da za a iya zama."

Abin da masana ke nufi da wannan shela ƙanƙane ne. Kowane tauraro yana da wata tazara a kewayensa inda ruwa zai iya kwanciya a doron ƙasa, bai tafasa ba, bai daskare ba, kamar dai masu jin ɗumi da hunturu: na gaba wuta ta gasa shi, na baya sanyi ya kaɗa shi. Duniyarmu tana kimanin kilomita miliyan 150 daga rana, Zara tana miliyan 108. To amma tazara kaɗai ba ta isa ta bayyana zafin Zara na kusan digiri 465 ba, zafin da ke narkar da dalma. Iskar kabon ce mai kauri ta lulluɓe ta, zafi ya shiga ya rasa mafita. Wata kuma tare muke zagaya rana, tazararmu ɗaya, amma da yake ba shi da iska, ko kududdufi babu a kansa. Ba don iskar da ke riƙe mana ɗumi ba, da matsakaicin yanayin duniya ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon 15 a samansa.

Mutanen Kano ma sun san wannan a jikinsu. A farkon Janairu duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147, amma a lokacin ne ake kwana da bargo a cikin birni, saboda karkatar duniya da busasshiyar iskar hunturu wadda ba ta riƙe zafi da dare.

Shi ya sa murnar da aka yi a 2017, da aka sanar da duniyoyi bakwai a kewayen tauraron TRAPPIST-1, uku daga cikinsu a wannan tazara, ta zo da wuri. Ƙananan jajayen taurari irin TRAPPIST-1 suna yawan feso wuta da ka iya kwashe iskar duniyar da ke kusa da su. A 2023 madubin hangen nesa na James Webb ya auna wadda ta fi kusa da tauraron, bai ga alamar iska mai kauri ba.

Wani zai ce, in haka ne wannan ma'auni na tazara ba shi da amfani, tunda ga Yurofa, wani watan duniyar Jufita, can nesa da ɗumin rana, ana kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, har ma Amurka ta harba kumbo zuwa can a Oktoban 2024. Sai dai Yurofa maƙwabci ne, ana iya aika masa na'ura. Duniyoyi sama da 5,000 da aka tabbatar a kewayen wasu taurari kuwa haskensu kawai muke iya tacewa, kuma tekun da ke ɓoye a ƙarƙashin ƙanƙara da wuya ya bar shaida a cikin haske. Amfanin ma'aunin ke nan: yana nuna wa masu madubi, waɗanda lokacinsu ke da tsada, duniyoyin da za su fara binciken iskarsu.