Giris Ya Ƙi Shiga? Yadda Ake Canza Nipul Ɗin da Ya Toshe Kafin Boris Ya Ƙone

A jikin tarakta, injin huɗa na hannu, injin sussuka da injin niƙa akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai kan ɗan yatsa ba, wanda makanikai ke kira nipul. Ta nan ake ɗura wa boris giris. Idan ya toshe, inji zai ci gaba da aiki kamar lafiya lau, alhali boris na cin kansa a bushe. Ga matashin da ke tuƙa inji a fadamun Gummi ko gonakin Anka da Bukkuyum, ƙonewar boris a tsakiyar kaka na nufin tsayar da aiki da tafiya Gusau ko Sakkwato neman kaya.

Yadda yake aiki

A cikin nipul akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin ke tokare da shi a bakin ƙofa. Idan bindigar giris ta matsa, ƙwallon ya ja baya, giris ya wuce. Da an cire bindigar sai ya koma ya rufe, don kada ƙura ta shiga. A Amurka ana kiransa Zerk, daga sunan Oscar Zerk wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1929. Irinsa ne a injin yankan ciyawa da ake hawa a can, a gindin wuƙaƙe da ƙafafun gaba.

Abin da ke toshe shi

Abu uku ne suka fi yawa. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi na haɗuwa da giris su daskare a baki. Ruwan damina ko laka na sa ƙwallon ya yi tsatsa ya maƙale. Sai tsohon giris da ya bushe saboda inji ya yi watanni a ajiye. Haɗa giris iri daban-daban ma na iya sa shi ya sandare ko ya tsinke.

Alamar toshewa a fili take: hannun bindiga ya yi tauri, giris na fitowa ta gefen baki maimakon ya shige.

A gwada kafin a canza

Da farko a kashe inji, a cire makulli ko wayar filogi. A goge wurin da tsumma, a haska da fitilar waya, sannan a danna ƙwallon da ƙaramar ƙusa. Idan ya motsa ya dawo, a sake gwada bindigar. Idan ya ƙi, a kwance nipul ɗin da sifana, a jiƙa shi a kananzir, a sa shi a bakin bindiga a matsa. Idan giris ya fito, nipul lafiyarsa lau, toshewar na cikin ramin inji, sai a ƙwaƙule busasshen giris da siririyar waya. Idan bai fito ba, sai sabo.

Sayen wanda ya dace

A nan ne aka fi tafka kuskure, domin tiredin ba iri ɗaya ba ne. Injinan Sin da Turai galibi na amfani da awon milimita: M6, M8 da M10, waɗanda yawanci sifana mai lamba 7, 9 da 11 ke kamawa. Na Amurka kuwa sun fi zuwa da awon inci, kamar 1/4-28. A ido M6 da 1/4-28 kamar tagwaye suke, amma tilasta ɗaya a ramin ɗaya na cinye tiredin. Akwai kuma miƙaƙƙe, da mai lanƙwasar digiri 45 ko 90 don wurin da bindiga ba ta kaiwa. Wasu ba su da tiredi sam, buga su ake yi.

Mafi sauƙi shi ne a je shago da tsohon. Idan saƙo za a yi daga Gusau ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a ɗauki hotonsa kusa da rula, a haɗa da hoton lambar inji, a tura wa mai kaya ta WhatsApp. Gara a sayi huɗu ko biyar a ajiye.

Ɗaurawa

A share ramin tsaf. A fara murɗa sabon da hannu. Idan ya cije tun zagayen farko, a tsaya, ba nasa ba ne. Idan ya shige sumul, a ƙara ɗan matsi da sifana, ba da ƙarfi ba, don wuyansa na karyewa. Idan tsohon ya karye a ciki, bakanike na da ƙarfen zaro guntu mai tiredin hagu. Daga nan a ɗura giris a hankali har sabo ya fara leƙowa, a goge rarar. Cika shi fiye da kima na fasa robar da ke tare ƙura.

Hattara biyu

Bindigar giris ta hannu na iya harba giris ya huda fata, don haka ba a toshe bakinta da yatsa. Wanda hakan ta same shi ya tafi asibiti nan take, ko da raunin ƙarami ne.

Na biyu ya shafi masu injin niƙa dutsen zinare. A 2010 gubar dalma daga ƙurar irin wannan niƙa ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Giris na riƙe wannan ƙura, saboda haka tsumma da kayan aiki su tsaya a wurin aiki, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro.

Littafin kowane inji na faɗin bayan awa nawa ake sa giris. Mai inji ya sa tunatarwa a wayarsa, ya kuma riƙa goge bakin nipul kafin kowace ɗurawa.