Sabon Waken Samaru Da Dokar Kan Iyaka

Cikinku akwai waɗanda za a tura su koyarwa a ƙauyukan manoma, lalle kuwa za a tambaye su labarin waken nan da a ke kira SAMPEA 20-T. Ya kamata malami ya san abin da zai ce.

Masana na Samaru, kusa da Zariya, su da abokan aikinsu na ƙasashen waje, su ne suka fito da shi. Akwai wata ƙwaya mai rai cikin ƙasa, ido ba ya ganinta, wadda ke yin wani sinadari mai kashe tsutsa. Sai suka ɗauko ƙwayar halittar da ke sa ta yin haka, suka sa cikin wake. To, tsutsar nan mai cin fure da huda kwanso in ta ci sai ta mutu, manomi kuwa ya sami sauƙin feshi.

Amma ba a yarda kowa ya yi irin wannan aiki ya kai kasuwa kai tsaye ba. A 2015 Nijeriya ta kafa hukumar NBMA, ita ke duba ko sabon iri zai cuci mai ci, ko dabba, ko sauran tsiro. Sai da ta yarda, a 2019, sa'an nan aka ba manoma irin.

Wurin ciniki da ƙasashen waje ne maganar ta ke da wuya, gama izinin Abuja ba ya ƙetare iyaka. Amurka ta fi duban abincin kansa: in bai bambanta da na gargajiya ba wajen lafiya, shi ke nan. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa har hanyar da aka bi su ke dubawa. Kowane iri sai sun bincika da kansu, in kuma wanda suka yarda da shi ya wuce kashi 0.9 bisa ɗari cikin abinci, tilas a rubuta a jikin kwali. Wanda ba su yarda da shi ba kuwa, ko kaɗan ba sa so. Yarjejeniyar Kartajena ta shekarar 2000 ta ba kowace ƙasa ikon a sanar da ita kafin a shigo mata da irin shuka, ta karɓa ko ta ƙi. Zambiya ma ta ƙi masarar agaji daga Amurka a 2002, ga ta cikin yunwa.

Kada ku haɗa wannan da hana waken Nijeriya shiga Turai da aka yi a 2015. Wancan saboda maganin ƙwari ne da aka samu ya yi yawa cikin buhuna, ba ruwansa da sabon iri.

A ganina babban aikin yana kasuwa. A Dawanau ta Kano waken gona ɗari ke haɗuwa cikin buhu guda, ido kuwa ba ya rarrabe sabon iri da tsoho, sai an kai ɗakin gwaji. Ɗan kasuwar da Bature ya ce masa, "Wane iri ne cikin buhun nan?" ba shi da amsa sai in tun daga gona aka ware shi, aka rubuta.