Talauci da aikata laifi a finafinan Kannywood

Talauci da aikata laifi na daga cikin jigogin da suka yi ƙarfi a finafinan Hausa na Kannywood, musamman tun da masana'antar ta karkata ga shirye-shirye masu dogon zango. A shekarun 2000 an fi saninta da soyayya da waƙa da rawa irin na finafinan Indiya, inda talaka kan fito a matsayin saurayin da iyayen budurwa suka hana aure.

Misalai

A 2011 wasu almajirai a Kano suka shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi tare da mai bincike Hannah Hoechner. Su suka tsara labarin kuma suka fito a ciki, suna nuna yunwa da wulakancin da almajiri ke sha a gidajen da yake yi wa aikatau.

Tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta faɗaɗa wannan fage. Shirinta Daɗin Kowa ya ƙirƙiri wani gari inda shaye-shaye, zaman kashe wando, almajiranci da tsattsauran ra'ayi suke cikin rayuwar yau da kullum. Mai laifi a nan ba baƙo ba ne, ɗan unguwa ne da aka san iyayensa. Kwana Casa'in na 2019 kuwa ya koma kan manya: cin hanci da maguɗin siyasa a garin Alfawa. A YouTube, shirin A Duniya na Tijjani Asase ya shiga harkar 'yan daba kai tsaye.

Takaddama

A watan Satumba na 2021, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallahu, ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. Hujjarta ita ce matasa na koyon dabarun ɓarna daga abin da suke kallo. Masu adawa da matakin sun ce ba fim ne ya kawo waɗannan matsaloli ba, kuma da wuya a yi gargaɗi kan abin da aka hana a nuna. Dokar ta kuma ci karo da wani cikas: ikon hukumar bai wuce iyakar jihar Kano ba, alhali ana iya ɗaukar fim a Kaduna ko Jos a ɗora shi a intanet, mai kallo a Birnin Kudu ko Maraɗi ya gan shi a wayarsa.