Idan Ƙofar Bayan Mota Ta Ƙi Buɗewa, A Ajiye Ƙarfe Tukuna

Wata ranar Asabar da hantsi a unguwar Nima, jama'a suka kewaye wata babbar mota baƙa a ƙofar gidan biki. Akwatunan lefe shida suna ciki ana hangensu ta gilashi, matan dangin ango sun jeru suna jiran a sauke, amma ƙofar bayan motar ta kafe. Direban, wani saurayi wanda bai cika wata uku da kama aiki a wurin maigidansa ba, ya danna rimot har yatsansa ya gaji, ya koma ya danna maɓallin jikin ƙofar, shiru. Tun da asuba suka iso, shi kuwa ya kashe inji ya bar kiɗa da fitilu a kunne suna jiran masu gida su kintsa.

Nan da nan wani ya ruga ya ɗauko ƙarfen cire taya, za a ɓanɓare ƙofar. Sai wani dattijon bakanike da ke cikin 'yan biki ya riƙe hannunsa, ya dubi direban ya ce, "Ɗana, shiga ka ta da inji in ji." Da ya gwada, sai ƙas-ƙas-ƙas kawai ake ji. Dattijon ya sa aka tsayar da wata tasi, aka haɗa batirinta da na motar, kafin minti biyar ƙofa ta ɗaga da kanta, mata suka rangaɗa guɗa. Da an sa wannan ƙarfe, da sakata da fenti da wataƙila gilashi duk sun tafi, aikin yaron ma ya bi su.

Irin waɗannan motoci sun yawaita a hannun mutanenmu, domin yawancin manyan motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema tsofaffi ne daga Amurka da Kanada, kuma da dama daga cikinsu ƙofarsu ta baya da lantarki take aiki, ba ta da ko ramin makulli. Saboda haka ya kamata mai mota da direbansa su san abin da za su duba, bi da bi, daga mai araha zuwa mai tsada.

Yadda take aiki

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa kafin ƙofar ta buɗe. Akwai sakata mai ɗan ƙaramin inji a ƙasan ƙofar, ita ke saki ita ke kamawa. Akwai sanduna biyu a gefe da gefe, a wasu motoci injin ɗagawa yana cikin sandunan, a wasu kuma iskar gas ce a cikinsu, injin yana gefe da hannunsa na ƙarfe. Akwai 'yar kwamfuta da ke ba da umarni. Sa'an nan akwai na'urori masu jin taɓi, waɗanda ke tsayar da ƙofar ko su mai da ita baya idan ta ci karo da hannun yaro ko kan mutum. Dukansu daga batir ɗaya suke shan wuta, kuma idan kwamfutar ta ga abin da bai gamshe ta ba, sai ta ƙi ba da umarni. Sau da yawa, ke nan, ƙofar lafiyarta lau, sharaɗi ɗaya ne bai cika ba.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Da farko a tabbata giya tana kan P, domin yawancin motocin nan ba sa yarda ƙofar ta motsa in ba haka ba. A kuma buɗe makullin dukan ƙofofi, sa'an nan a gwada maɓallan uku ɗaya bayan ɗaya: na rimot, na kusa da sitiyari, da na jikin ƙofar. Idan na rimot kaɗai ya ƙi, to ɗan batirin cikinsa ne ya mutu. Galibi mai lamba CR2032 ne, mai kama da kwabo, kuma ana samunsa wurin masu gyaran agogo.

Na biyu, a nemi maɓallin da ke kashe aikin gaba ɗaya. A wasu motocin Toyota, irin su Highlander, yana ɓoye cikin akwatin da ke gaban fasinja. A motocin Chevrolet da GMC kuwa ɗan abin murɗawa ne mai rubutu uku, MAX da 3/4 da OFF. A sababbin motoci yana cikin allon gaban direba. Yara da masu wankin mota sukan taɓa shi ba da sani ba. Idan a kashe yake, sakata takan saki amma ƙofar ba ta tashi sai an ɗaga ta da hannu.

Na uku shi ne babban batir, wanda shi ya kunyata direban Nima. Batir mai lafiya, inji a kashe, yana nuna kusan bolt 12.6 a mita. Idan ya sauko 12.2, rabin cajinsa ya tafi. In inji yana aiki kuwa, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Zafin ƙasarmu yana rage wa batir kwana, kuma batirin da ya raunana yakan iya ta da inji da ƙyar amma ya kasa ɗaga ƙofa. Wajen haɗa shi da na wata mota a kula ƙwarai, jar waya kan alamar tarawa take. Wanda ya juya su yana iya ƙona kwamfutocin motar.

Akwai kuma abin da ke rikita mutane bayan an canja batir: ƙofar takan manta inda take. A motoci da yawa maganin shi ne a saukar da ita da hannu a hankali har sakata ta kama sosai, sa'an nan a sake gwada maɓalli. Haka nan idan tana tashi rabi ta tsaya kullum a wuri ɗaya, mai yiwuwa wani ne ya saita mata wannan tsayi. A tura ta sama da hannu a hankali har inda ake so, a danne maɓallin rufewa na jikinta har a ji ƙara.

Na huɗu fis ne. Murfin akwatin fis yana da zane mai nuna na kowane aiki. Idan ya ƙone a sa mai lamba iri ɗaya. Kada a yarda yaron gareji ya cusa waya ko takardar sigari a madadinsa, ta nan gobarar mota take farawa. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa jikin mota, sai a nemi mai gyaran waya.

Kunne ma kayan aiki ne

Idan an danna aka ji shiru ɗungum, matsalar wuta ce ko maɓalli ko waya. Idan aka ji sakata tana ƙara amma ƙofa ba ta saki ba, sau da yawa kaya ne suka zame suka tokare ta daga ciki, ko bakin buhu ya shiga sakata. Wani ya danna ƙofar ciki da tafin hannu yayin da ake taɓa maɓalli, nauyin yakan sauka ta saki. Idan ta fara tashi ta koma, a share ƙura da tsakuwa daga robar gefenta da cikin sakata.

A sama, inda ƙofar ta haɗu da rufin mota, akwai wata roba mai lanƙwasa wadda wayoyi ke bi ta cikinta. Duk buɗewa da rufewa sai sun tanƙwara, bayan shekaru sukan karye a ciki. Alamarsa ita ce fitilar lamba ko abin share gilashin baya ko kyamara su riƙa ɗaukewa tare da ƙofar. Wannan gyaran waya ne, ba ya bukatar sabuwar sanda. Ruwa ma abokin gaba ne, ko na damina da ke bi ta fitilar birki ta sama, ko na masu wanki da ke harba shi da ƙarfi cikin maɓalli.

Hanyar ciki

Idan duk an gwada ba ta buɗe ba, yawancin motocin suna da hanyar gaggawa. A kwantar da kujerun baya a shiga, a dubi jikin ƙofar daga ciki dab da sakata, za a ga ɗan murfin roba. A cire shi da sukudireba wadda aka naɗe bakinta da tsumma, a tura ɗan hannun da ke ciki, wani kuma ya ɗaga ƙofar daga waje. Ƙananan motoci masu but daban da aka yi domin kasuwar Amurka tun daga Satumba 2001 doka ta tilasta a sa musu abin buɗewa daga ciki, galibi mai haske a duhu, amma dokar ba ta hau kan manyan motoci masu ƙofar baya ba, shi ya sa nasu yake a ɓoye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mota ya nemi wannan murfi yau, but ba kaya, ya nuna wa direbansa da uwargida.

Wadda ta fi haɗari

Ƙofar da ta ƙi buɗewa ɓata lokaci take yi. Wadda ke saukowa da kanta ita ke raunata mutum. A watan Yuli 2015 kamfanin General Motors ya kira motoci kusan 780,000, cikinsu har da Chevrolet Traverse da GMC Acadia da Buick Enclave, domin ƙura tana shiga sandunan gas su raunana, ƙofa ta faɗo kan mutane, kuma an ba da rahoton raunuka 56. To, idan ƙurar can ta yi haka, ina ga ta hunturunmu? A riƙa goge sandunan da busasshen tsumma. Da zarar ƙofa ta fara sunkuyowa, a canja su biyun tare, a daina tokare ta da tsintsiya alhali yara suna kai da kawowa a ƙarƙashi. Kada kuma a ɗaure ta da igiya a yi tafiya tana buɗe, domin hayaƙin salansa yana komowa cikin mota, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Wajen gyara da wajen saye

A Abossey Okai nan Akara da Suame Magazine a Kumasi ana samun sanduna da sakatu, sababbi da tsofaffi. Amma kafin a saya, a kai motar wurin mai na'urar da ke karanta kwamfutar mota, ya faɗi abin da ya lalace. Bakanike nagari ba ya jin haushin tambaya. A je kasuwa da tsohon kayan a hannu da lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, domin sandar wata shekara ba lallai ta shiga ta wata ba.

Mai shirin sayen mota kuwa ya buɗe ƙofar ya rufe sau uku da kowane maɓalli, ya bar ta a sama minti biyu ya ga ko za ta sunkuyo. Ya ɗaga shimfiɗar but ya duba ramin safaya. Idan ya ga tsatsa ko busasshen laka ko ya ji warin danshi, motar ta taɓa shan ruwa, kuma ƙofar baya tana iya ba shi wahala. Allah Ya kiyaye hanya.